Raba bayanai a kan sabobi da yawa: tambayoyi da amsoshi

Raba bayanai da yin kwafi, ba abu ɗaya ba ne?

A'a. A ce ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Haɗeja tana da ma'ajiyar takardu a kwamfuta: rajistar manoma, hotunan gonaki, rasit na taki. Idan saba ɗaya, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana miƙa wa masu nema, ta kusa cika, sai a kasa bayanan, kowace saba ta riƙe nata kaso. Wannan ita ce rabawa, kuma fili take ƙarawa. Kwafi kuwa ajiye abu ɗaya ne a wuri biyu ko uku. Wanda ya zuba hatsinsa a rumbu uku, ɗaya ya ƙone, sulusi ya tafi. Don haka kowane kaso yana buƙatar kwafinsa a wata saba daban.

Da wane ma'auni za a raba?

Nan ne aka fi yin kuskure. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, sai mutum ya ga kamar rabawa bisa ƙaramar hukuma ta fi sauƙi. Amma aiki ba ya zuwa daidai: lokacin noman rani sabar da ke riƙe da Auyo da Kafin Hausa za ta sha nauyi, sauran suna zaune. Rabawa bisa kwanan wata ta fi muni, domin duk sabon abu kan saba ɗaya zai sauka. Gara a bi lambar fayil: a raba ta da yawan sabobi, ragowar ta nuna inda fayil zai zauna.

In sabobi uku ne, aka ƙara ta huɗu fa?

Da wancan lissafin, kashi uku cikin huɗu na fayiloli sai sun canza mazauni, aiki ya tsaya cik. Maganin shi ne tun farko a yanka gurabe masu yawa da adadinsu ba ya canzawa, kowane fayil da gurbinsa, sannan a rarraba guraben ga sabobi. Misali, Redis Cluster, wani tsarin ajiye bayanai a kan sabobi da yawa, gurabe 16,384 gare shi. Sabuwar saba za ta karɓi kashi ɗaya cikin huɗu kawai.

Kowace manhaja tana rabawa da kanta?

Ba kowace ba. A Apache Jackrabbit 2, wata manhajar ajiye takardu, sabobin da aka haɗa su yi aiki tare duk ma'ajiya ɗaya suke karantawa. Ƙara saba yana rage cunkoson masu nema, ba ya ƙara fili.

Yaya batun wuta da yankewar intanet?

Saba biyu ba su isa ba. Idan layi ya yanke tsakaninsu, kowace za ta iya ɗaukar kanta shugaba, ta ci gaba da karɓar rubutu, wato sabbin bayanan da ake shigarwa, bayanai su saɓa. Da uku, sai biyu sun yarda kafin a tabbatar da rubutu, wadda ta ware kuma ta dakata. Kada a ɗora dukkansu a kan inbata ɗaya, kuma a haɗa su da waya, ba da datar wayar hannu ba.