Anya Kaka ta kai shekara 140?

A Jos, da zarar tsohuwar da ta taso a ƙauye ta ga tattaɓa-kunne, sai ka ji ana cewa ta haura shekara 140. Ƙauna ce, amma lissafin bai tsaya ba. Mafi tsawon rai da aka tabbatar da takardu ita ce Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

Iyayenmu na karkara ba su da takardar haihuwa, kuma da wuri ake musu aure, don haka mace na iya ganin tattaɓa-kunne kafin ta cika 90. Tambayi Kaka: da Sarauniyar Ingila ta zo Jos a 1956, an riga an ɗaura mata aure? In tana budurwa a lokacin, bana ba ta cika ɗari ba.