Waiwaye: Birnin da ya ce kada su zo

A watan Agustan 1972 ne Idi Amin ya bai wa 'yan asalin Asiya mazauna Uganda wa'adin kwana 90 su tattara nasu-ya-nasu su bar ƙasar. Galibinsu zuriyar Indiyawa ne da suka zo gabashin Afirka tun zamanin mulkin Turawa, wasu aikin layin dogo ya kawo su, wasu fatauci. Da yawansu na riƙe da fasfon Birtaniya, don haka gwamnatin Firayim Ministan Birtaniya Edward Heath ta karɓi kimanin 28,000. Gida da kanti da mota duk an baro su. Mutum ya fito da akwatinsa da ɗan guzirin da bai taka kara ya karya ba.

Leicester ta ƙasar Ingila, wadda masu kallon ƙwallo suka sani ta dalilin Ahmed Musa, ba ta yi musu lale marhabin ba. Majalisar birnin ta sayi filin talla a jaridar Uganda Argus, tana gargaɗin kada su nufo ta, wai gidaje sun yi kaɗan, makarantu sun cika. Wannan tallar tana sosa mini rai: an kori mutum, yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa, sai ya buɗe jarida ya ga an rufe ƙofa tun bai yi sallama ba.

Duk da haka wajen 10,000 suka sauka can, domin suna da 'yan uwa a garin. Wanda jiya yake da yaran shago, yau ga shi lebura a masana'anta. Ba su kuma yarda a taka su ba. A 1974 ma'aikata 'yan Asiya na kamfanin Imperial Typewriters sun shiga yajin aiki kan wariyar da ake nuna musu.

Da ɗan abin da suka tara suka riƙa kama shaguna a titin Belgrave, wanda a lokacin kasuwarsa ta ja baya. Yau gilasan shagunan cike suke da awarwaron gwal da yadin sari, ga ƙamshin alawa da soye-soye, har ana yi wa titin laƙabi da Golden Mile, wato titin gwal. Bikin Diwali, wato bikin fitilu na Indiyawa, da ake yi a Leicester ya shiga sahun mafi girma a wajen Indiya.

Daga baya shugabannin birnin sun fito fili sun nuna nadamar waccan talla. A 2022, da abin ya cika shekara 50, gidan tarihin Leicester ya shirya baje koli na musamman, inda iyalan suka kawo hotuna da kayan da suka fito da su daga Uganda.