Rigar ceto a tafkunan Amurka: abin da doka ta tilasta da abin da ta bari

Da zarar lokacin zafi ya kama a Amurka, tafkuna kan cika da kwale-kwale da ƙananan jiragen shaƙatawa. Dokar tarayya da Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ke aiwatarwa ba ta da wuyar fahimta: kowane mutum da ke cikin jirgi sai an tanadar masa rigar ceto tasa, wadda rundunar ta amince da ita, daidai jikinsa, ba yagaggiya ba, kuma a inda hannu zai kai gare ta nan take. Rigar da ke ƙulle cikin akwati ko naɗe a ledarta, a idon doka tamkar babu ita ne. Jirgin da ya kai tsawon ƙafa 16 kuma sai an ƙara masa wani abin ceto da ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa.

Sai dai a lura, dokar ta ce babba ya tanadi rigar, ba ta ce lallai ya sa ta ba. Tilascin sawa na kan yara ne. Tun 2002, yaron da bai kai shekara 13 ba dole ya kasance sanye da ita muddin jirgi na tafiya, sai fa idan yana cikin ɗakin jirgin da ke rufe. Wannan ƙa'ida tana aiki ne a jihar da ba ta da tata dokar, domin inda jiha ta kafa tata, ita ake bi. A Fulorida, alal misali, tilascin na kan 'yan ƙasa da shekara 6 ne, a jirgin da bai kai ƙafa 26 ba. Saboda haka mai jirgi ya tambayi dokar jihar da tafkin yake kafin ya tura jirginsa ruwa.

A nan ne nake ganin dokar ta yi wa manya sassaucin da ke cin rai. Alƙaluman da rundunar ke fitarwa kowace shekara suna nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse a haɗarin jiragen shaƙatawa ba sa sanye da rigar. Jirgi ba ya yin sallama kafin ya kife. Kuma tafki mai zurfi irin Taho, da ke tsakanin Kalifoniya da Nebada, ruwansa na da sanyin gaske ko da rana na ƙuna. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyi bagatatan, numfashi yake ja ba da son ransa ba, ya shaƙi ruwa. Iya iyo ba ya hana wannan, rigar da ke ƙarƙashin kujera ma haka.

Ga iyaye, abin dubawa shi ne girman rigar. Ana zaɓenta bisa nauyin yaro, ba a sayen babba don wai zai girma ya cika ta. Irin wadda ake hura wa iska kuwa, sai ɗan shekara 16 zuwa sama aka amince wa. Bayan an ɗaure maɗaurai, a kama kafaɗun rigar a ja sama. Idan ta zame ta rufe haɓa ko kunnuwan yaron, ta yi masa yawa, kuma a cikin ruwa haka za ta zame ta bar fuskarsa a ƙasa.