Waiwaye: Yadda Love Canal ta tilasta binciken tsohon juji kafin a yi gini

A yau da wuya banki a Amurka ya ba da rancen babban gini a kan tsohon juji ba tare da rahoton binciken ƙasa ba. Wannan tsantseni ya samo asali ne daga wata unguwa a birnin Niagara Falls, jihar New York, da ake kira Love Canal.

Mashigin ruwa ne da aka fara haƙawa a shekarun 1890 aka yi watsi da shi. Daga 1942 zuwa 1953 kamfanin Hooker Chemical ya binne kusan tan 21,000 na sharar sinadarai a ramin, ya rufe da yumɓu, ya sayar wa hukumar makarantun birnin a kan dala ɗaya, da gargaɗi a takardar cinikin. Duk da haka aka gina firamare, aka buɗe ta a 1955, gidaje suka kewaye wurin.

A nan ɓarnar take. Haƙa tushen gini da shimfiɗa bututun magudana sun huda yumɓun da ke riƙe da gubar. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suka cika ramin, gangunan suka yi tsatsa, baƙin ruwa mai wari ya fara tsattsafowa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bayan gidaje. A Agustan 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe iyalai 239, sauran ɗaruruwa suka biyo baya a 1980 bayan gwagwarmayar mazauna a ƙarƙashin Lois Gibbs. A Disambar 1980 aka sa hannu a dokar Superfund, wadda ta ɗora kuɗin tsaftacewa a wuyan wanda ya gurɓata wuri, har ma da mai filin na yanzu. Tsoron gadar alhakin wani shi ya sa masu saye da bankuna suka dage a kan bincike.

Binciken yana farawa da tarihi: tsofaffin taswirori, hotunan sama, takardun mallaka, da bakin waɗanda suka daɗe a unguwar. Idan an ga alama, sai a shiga haƙa, a ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban, a sa rijiyoyin gwaji aƙalla uku domin a gane inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya dosa. Gwaji guda a rani ba ya wadatarwa, domin damina na ɗago ruwan ya taɓa sharar.

Abin da aka fi rainawa shi ne iskar gas mai kama wuta da ake kira methane, wadda ruɓaɓɓiyar shara ke fitarwa shekaru da dama bayan rufe juji. Ba ta da wari, kuma tana fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki. A 1986 ta tarwatsa wani gida a Loscoe, Ingila, bayan ta bi ta ƙarƙashin ƙasa daga jujin da ke kusa. Shi ya sa ake shimfiɗa ledar roba mai kauri da bututun shaƙar iska a ƙarƙashin daɓe. Ga kuma lotsawa: shara ba ta sauka daidai wa daida, sai bango ya tsage, bututu ya karye.

A Love Canal ba a kwashe gubar ba. An rufe eka 40 da yumɓu da roba, an kewaye da magudanar da ke tara ruwan dagwalon ana tacewa. Kamfanin Occidental, wanda ya gaji Hooker, ya amince a 1995 zai biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129, aka cire wurin daga jerin gurɓatattun wurare na Superfund a 2004, amma har yau ana duba rijiyoyin.

Najeriya ta yi dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli a 1992, bayan gubar da aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988. Sai dai mai sayen fuloti a kan kududdufin da aka cike da shara, irin na cikin Kano, ba kasafai yake gwada ƙasa ba. Ya kamata ya tambayi dattawan unguwa abin da aka zuba, ya haƙa ramin gwaji har ya tarar da ƙasar asali, kuma kada a sha ruwan rijiya ko burtsatse a wurin sai an kai shi ɗakin gwaji.