Ku daina cewa daga babur kuka faɗi

Jama'a, in 'yan sanda sun dake ku, don Allah ku daina ɓoye mana, mu ma'aikatan asibiti. Saurayi zai shigo asibiti da shatin kulki layi-layi a gadon baya, wuyan hannu ya kumbura da zanen ankwa, yatsu ba ya jin su. A tambaye shi me ya faru, sai ya sunkuyar da kai ya ce wai daga babur ya faɗi. Wane babur ne ke dukan tafin ƙafa? Mu abin da ka faɗa shi muke rubutawa a kati. Ran da zuciya ta kwanta ka ce za ka kai ƙara, lauya ya zo neman fayil, babur zai tarar a ciki. Da bakinka ka wanke wanda ya dake ka.

Tsoro ne, na sani, wanda ya kwana a bayan kanta shi ya san abin da ya gani. Amma ɓoyon nan kashe mutane yake yi. Iyaye mata, ku ma da naku: a sako yaro daga caji ofis, ku sa shi a ɗaki kuna gasa masa jiki da ruwan zafi, a aika kemis a sayo maganin ciwon jiki diclofenac, sai ya galabaita a kwaso shi. Wanda ya sha duka, fitsarinsa ya ragu ko ya koma kalar baƙin shayi, ƙodarsa ce ke neman tsayawa, wannan maganin kuma ƙara mata wahala yake. Wanda aka buga a ka yana amai ko yawan barci, ba a kwana da shi a gida. Shatin duka kuwa cikin mako biyu ya dushe, shaidarka ta tafi.

Doka ba ta ba kowa izinin dukanka ba, ko da ana zarginka. Dokar Hana Azabtarwa ta Najeriya ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, ta kuma ba wanda aka tsare damar likitan da ya zaɓa ya duba shi. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin awa 24, ko 48 in kotu na da nisa. Mai raunin harbi, dole asibiti ya karɓe shi ba tare da takardar 'yan sanda ba. Beli kuma kyauta ne.

Ga abin yi:
- Asibiti a ranar, ka faɗi gaskiya, ka nemi rahoton likita.
- Hoton kowane rauni, rigar jinin kuma kada a wanke.
- Rubuta rana, lokaci, ofishin, sunan jami'in, da waɗanda suka gani.
- Kai koke ga CRU, sashen karɓar ƙorafi na 'yan sanda, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Mai neman diyya ya nufi babbar kotu. Marar kuɗin lauya ya je Legal Aid, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta.

In dattawan unguwa sun zo ba da haƙuri ka ce ka bar wa Allah, haƙƙinka ne, ba mai tilasta maka zuwa kotu. Amma ka fara zuwa mu duba ƙodar, mu rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ka adana lambar katinka.