Tiyatar Ƙashin Baya

Tiyatar ƙashin baya aiki ne da likitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa suke yi don daidaita gaɓoɓin baya da suka karye, ko suka goce, ko suka lanƙwashe. Gaɓoɓin nan 33 ne: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma sun manne a can ƙasa. Ta tsakiyarsu laka ta ratsa, ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki.

Karaya ta fi aukuwa a wuya da kuma mahaɗar ƙirji da ƙugu. A Jos da kewaye, haɗarin mota da na babur, faɗowa daga gini ko bishiya, da ruftawar ramin haƙar kuza suna cikin abubuwan da ke kawo ta. Ba kowace karaya ake yi wa aiki ba. Wata karayar, rigar tallafe baya da hutu sun ishe ta. Ba a yin aiki sai idan ƙashin ba zai iya ɗaukar nauyin jiki ba, ko wani ɓallinsa ya danne laka.

A nan likita yakan cire abin da ya danne lakar, ya ɗaura ƙusoshin titaniyam a gaɓoɓin sama da na ƙasan karayar, ya haɗe su da sanduna biyu, sannan ya zuba gutsattsarin ƙashi, sau da yawa daga ƙugun majinyacin, don gaɓoɓin su haɗe cikin 'yan watanni. Wannan ne mutane ke cewa "an sa masa ƙarfe". Haɗe gaɓoɓi ya faro ne a 1911 a Amurka, a hannun likitoci biyu, Russell Hibbs da Fred Albee, kuma tarin fukan ƙashi, wato tibin da ya kama ƙashin baya, shi ne ya sa suka fara shi. Har yau cutar na haddasa ƙusumbi a Najeriya, sai dai maganin tibi ne tushen warkar da ita.

Karkacewar baya gefe guda, wadda ta fi kama 'yan mata lokacin balaga, akan yi mata aiki idan lanƙwasar ta haura digiri 45 zuwa 50.

Abin da ya kamata dangi su ji tun farko shi ne ƙarfe ƙashi yake riƙewa, ba ya ɗinke lakar da ta tsinke. Amfaninsa ga wanda ƙafafunsa suka shanye shi ne ya samu damar zama, a fara masa gashi da wuri, ya tsira daga gyambon kwanciya. Kuma ɓarna mai yawa kafin asibiti take faruwa: a ciccibi mutum hannu da ƙafa, a naɗe shi a bayan keke-napep, ko a kai shi wurin mai ɗori a ja bayan. Kamata ya yi a kwantar da shi a kan katako, mutum guda ya riƙe kai da wuya kada su motsa, a nufi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, domin an fi so a sauke nauyin da ke kan laka cikin awa 24.