Waiwaye: Yadda Kiristoci Suka Yi Ta Karanta Annabcin Almasihu da Ƙarshen Zamani

Duk lokacin da yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, ba a kwana biyu sai saƙonni sun cika wayoyinmu: alamu sun cika, fyaucewa ta kusa, Magabcin Almasihu yana bakin ƙofa. Mai tura saƙon yakan ɗauka cewa haka Ikkilisiya take karanta Littafi Mai Tsarki tun zamanin manzanni. Ba haka ba ne. Begen dawowar Yesu tsoho ne, tare da Ikkilisiya aka haife shi. Amma jadawalin da yawancinmu muka haddace, wato fyaucewa (ɗauke masu bi zuwa sama), sai shekara bakwai na babban tsanani, sai mulkin shekara dubu, bai cika shekara ɗari biyu da tsarawa ba.

Gardamar farko ma ba a kan ƙarshen duniya aka yi ta ba, a kan wane ne Almasihu aka yi. Yahudawan zamanin Yesu suna ƙarƙashin mulkin Romawa, kuma da yawansu suna jiran sarki daga zuriyar Dawuda wanda zai kori baƙi ya maido da sarauta. Almajirai kuwa suka fito suna cewa wanda aka gicciye shi ne shi. Hujjarsu tana cikin littattafan annabawa, musamman Ishaya sura 53, inda aka yi maganar bawan da aka yi wa rauni saboda laifin wasu. Ayyukan Manzanni sura 8 ta ba da labarin wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha yana karanta wannan wurin a cikin karusarsa, ya tambayi Filibus ko annabin kansa yake nufi ko wani dabam. Tambayar nan ita ce ta raba hanya. Malaman Yahudawa irin su Rashi, wanda ya rayu a Faransa a ƙarni na 11, sun ce bawan nan al'ummar Isra'ila ce gaba ɗaya. Haka aka yi ta ja a kan Ishaya 7:14, ayar da ta yi maganar macen da za ta haifi ɗa: kalmar Ibraniyanci tana nufin matashiya, fassarar Helenanci da aka yi a Iskandariya kafin haihuwar Yesu ta ce budurwa, kuma ita Matiyu ya ɗauko.

Sai dai akwai alkawuran da kowa ya ga ba su cika ba. Takuba ba su koma garemani ba, kyarkeci bai zauna da ɗan rago ba. Kiristoci suka ce zuwa biyu ne: na farko cikin tawali'u, na biyu cikin ɗaukaka. Daga nan ne tambayar "yaushe?" ta samo asali, kuma rushe Haikalin Urushalima da sojojin Romawa ƙarƙashin Titus suka yi a shekara ta 70 ya ƙara mata zafi.

Dattawan ƙarni na biyu, irin su Yustin da Ireniyus, sun ɗauki shekara dubun da ke Ru'ya ta Yohanna sura 20 a zahirinta: Almasihu zai yi mulki a nan duniya. A Firijiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, mabiyan Montanus, wani mai da'awar annabci, har ƙauyen da sabuwar Urushalima za ta sauka suka nuna, wato Fefuza. Wanda ya juya akalar shi ne Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu. Bayan da aka washe birnin Rum a 410, mutane suka ɗauka duniya ta zo ƙarshe. Agustin ya ce shekara dubun nan kwatanci ne na dukan zamanin Ikkilisiya, daga zuwan farko har na biyu, kuma ya hana ƙirga shekaru. Wannan fahimta ta ɗan Afirka ita ce ta riƙe Ikkilisiyar Yamma fiye da shekara dubu, kuma har gobe ita ce ta Katolika da Lutheran da yawancin majami'u masu daɗaɗɗen tarihi.

Ba ta hana masu lissafi ba. Mabiyan Yowakim na Fiyore, wani malamin Ikkilisiya a Italiya, sun sa ido a kan 1260. A lokacin gyaran Ikkilisiya, Luther ya ce kujerar Paparoma ce Magabcin Almasihu. Malaman Katolika suka mayar da martani ta hanya biyu, Ribera ya tura yawancin Ru'ya zuwa can ƙarshen zamani, Alkazar ya ce ta riga ta cika a zamanin Romawa. Mafi muni shi ne abin da ya faru a garin Munsta na Jamus a 1534, inda wasu suka ƙwace gari suka ce shi ne sabuwar Urushalima, suka naɗa wa kansu sarki. An yi musu ƙawanya har yunwa ta ci su, aka karkashe shugabanninsu. Kejin ƙarfe uku da aka rataye gawarwakinsu a ciki suna nan a hasumiyar majami'ar garin har yau.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na William Miller, domin ba mayaudari ba ne. Manomi ne ɗan Baftis a jihar New York, mai tsoron Allah, wanda ya yi shekaru yana bin Littafi aya-aya. Ya ɗauki kwana 2,300 da ke Daniyel 8:14, ya ce kowace rana shekara ce, ya fara ƙirga daga 457 kafin haihuwar Almasihu, lissafi ya kai shi wajen 1843 zuwa 1844. Mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844. Dubun dubatar mutane suka gaskata. Wasu suka bar amfanin gona bai girbu ba, wasu suka rufe shaguna. Rana ta faɗi, gari ya waye, babu abin da ya faru. Ka yi tunanin magidancin da zai koma gida da safen nan ya dubi 'ya'yansa da rumbun da babu komai. Daga cikin waɗanda suka rage ne majami'ar Adventist ta fito, wadda aka kafa a 1863, bayan sun ce ranar daidai ce amma abin a sama ya auku.

A daidai wannan lokaci ne John Nelson Darby, tsohon limamin Anglikan a Ireland, yake gina tsarin da ya zama namu. Abu biyu ya yi. Na farko, ya raba Isra'ila da Ikkilisiya rabuwa ta sarai: alkawuran ƙasa da sarauta na Yahudawa ne a zahiri, ba su koma kan Ikkilisiya ba. Na biyu, ya dubi bakwai saba'in na Daniyel sura 9, inda ya ɗauki kowace bakwai a matsayin shekara bakwai, ya ce sittin da tara sun cika a zuwan farko, sa'an nan agogon annabci ya tsaya, saura bakwai ɗin ƙarshe. Kafin ta fara, za a fyauce masu bi, bisa karatunsa na 1 Tasalonikawa 4:17. Magabata sun san ayar nan sarai, amma sun ɗauke ta a matsayin tarye da ake yi wa sarki a ranar dawowarsa, ba wata tafiya dabam da za ta riga ta da shekara bakwai ba. Darby ya yi ta zuwa Amurka yana koyarwa, kuma a 1909 Cyrus Scofield ya fitar da Littafi Mai Tsarki mai ɗauke da wannan bayani a ƙasan kowane shafi. Nan ne ƙarfinsa yake. Mai karatu yana ganin aya a sama, sharhi a ƙasa, a hankali ya kasa tuna wanne ne wanne.

Ta wannan hanya ce koyarwar ta iso mana. 'Yan mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, sun sauka Legas a 1893, su uku, biyu suka rasu cikin shekara guda, Rowland Bingham kaɗai ya koma, kuma sai 1902 suka iya kafa tasha a Patigi. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo bayansu sun fito ne daga makarantun Littafi Mai Tsarki na Amurka da Kanada inda ake koyar da wannan karatu. Matiyu 24:14 ce take ingiza su: sai an yi shelar bishara ga dukan al'ummai sa'an nan ƙarshe zai zo. Ban raina wannan ba ko kaɗan, domin gaggawar nan ce ta gina asibitocin kutare da makarantu a wuraren da babu wanda ya damu da su. Amma ta zo da jadawalinta, kuma da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu koyar da shi a ƙauyuka da dama da wannan ido suka koyar. Ƙasar kuma ba baƙuwar zancen ba ce, tun da maƙwabtanmu Musulmi su ma suna jiran saukowar Annabi Isa da bayyanar Dujal, ko da yake a kan wani tushe dabam.

Kafa ƙasar Isra'ila a ranar 14 ga Mayu, 1948, da kama tsohon birnin Ƙudus, wato Urushalima, a 1967, sun zama wa masu bin Darby kamar an sa hannu a kan takardarsu. Suka haɗa itacen ɓaure na Matiyu 24 da Isra'ila, suka ce "zamanin nan" da Yesu ya ce ba zai shuɗe ba sai abubuwan sun cika shekara arba'in ne daga 1948. Hal Lindsey ya sayar da miliyoyin littattafai daga 1970 a kan wannan lissafi, wanda ya nuna wajen 1988. Ta zo ta wuce. Harold Camping, mai gidan rediyo a Kalifoniya, ya sa 21 ga Mayu, 2011, aka kafa allunan talla a ƙasashe da yawa, wasu suka zuba abin da suka tara a rayuwarsu. Daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure. Dukansu sun san Matiyu 24:36, inda Yesu ya ce ranar nan da sa'ar babu wanda ya sani, amma kowa ya sami hanyar kewaye ta.

A Afirka abin ya kai ga jini. A Kanungu ta ƙasar Uganda, wata ƙungiya da ta ɓalle daga Katolika ta ce duniya za ta ƙare da ƙarshen 1999, mutane suka sayar da gonaki da dabbobi suka miƙa kuɗin. Da ranar ta wuce suka fara tambaya. A ranar 17 ga Maris, 2000, aka rufe ɗaruruwansu a cikin ɗakin sujada aka cinna wuta. Da aka haɗa da gawarwakin da aka tono a gidajen ƙungiyar, adadin ya haura 700, da yara masu yawa a ciki.

Lambar 666, wato lambar dabbar da ke Ru'ya ta Yohanna sura 13, ita ma ta yi yawo. Masana da dama suna ganin sunan Kaisar Nero ne idan aka rubuta shi da haruffan Ibraniyanci aka haɗa ƙimarsu, kuma wasu tsofaffin kwafe sun ce 616, wanda ya dace da wata hanyar rubuta sunan. Tun daga nan an liƙa ta a kan paparomomi, da Napoleon, da Hitler, da katin banki, kuma a 2020 a kan allurar rigakafin korona. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin tsofaffinmu ne suka ji tsoron allurar.

Yanzu karatun ya shiga siyasa sosai. Ranar da Amurka ta buɗe ofishin jakadancinta a Ƙudus, 14 ga Mayu, 2018, fastoci biyu masu wannan ra'ayi, Robert Jeffress da John Hagee, su aka ba addu'ar buɗewa da rufewa. Abin da ba mu cika ji ba a majami'unmu shi ne muryar Kiristocin da suke zaune a ƙasar tun zamanin manzanni. A watan Agusta na 2006, shugabannin majami'u huɗu a Ƙudus, na Katolika da Siriyak Otodoks da Anglikan da Lutheran, suka fitar da sanarwa tare suna ƙin koyarwar da ke ɗaukar kafa ƙasar Isra'ila a matsayin cikar annabci, suka kira ta ta ƙarya. Uku daga cikinsu Falasɗinawa ne, kuma mutanen da suke kiwo su ne Kiristocin Baitalami da Nazarat.